Murhun bandar kifi na Chorkor: yana rage cin itace, amma bai raba kifi da baƙin hayaƙi ba

Murhun Chorkor gini ne na laka ko jan bulo mai kusurwa huɗu, tsayinsa bai kai ƙugun mutum ba, da ƙofar wuta biyu a gaba, sai tire-tiren katako masu ragar waya da ake ɗorawa a kansa, wani bisa wani. Sunan na wata unguwar masunta ne da ke bakin teku a birnin Akra na ƙasar Gana. A can ne, a 1969, Cibiyar Binciken Abinci ta Gana da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, suka fito da shi tare da matan unguwar masu sana'ar banda. Daga shekarun 1980 ya bazu a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, ya kuma shigo bakin koguna da tafkuna. Yau ƙungiyoyin masunta da masu kiwon tarwaɗa suna ta ba magina da kafintoci kwangilarsa, wasu an yi musu daidai, wasu kuwa suna ne kawai.

Hukuncinmu a kansa tun daga farko: ga wanda ke banda a kan rabin ganga ko buɗaɗɗen ramin laka, wannan murhu ya cancanci kuɗinsa. Ga wanda ke son kifinsa ya shiga manyan kantuna ko ya ƙetare zuwa Turai, ba nan ne matsaya ba.

Dabarar murhun duka tana cikin jeren tiren. A bandar ganga raga ɗaya ce a kan wuta, zafi da hayaƙi su taɓa kifin sau ɗaya su wuce sama, an yi asararsu. A Chorkor kuwa, katakon tiren da aka jera yakan haɗu ya zama kamar bututu, sai zafin da ya fita daga tire na farko ya ratsa na biyu, ya ratsa na uku, har ya kai na goma. Wutar da da za ta yi wa shimfiɗa ɗaya aiki, ita ce ke yi wa goma. Babban tire yana ɗaukar kifi har kimanin kilo 18, kuma ƙananan kifin teku ana jera musu tire har 15. Tarwaɗa dai ba ta yarda da haka. Tana da kauri, ga ruwa, ga maiƙo, in aka wuce tire biyar zuwa takwas sai na saman su yi ta shan tururin na ƙasa, su dahu su yi laushi maimakon su bushe.

Wannan ragin itace ba ƙaramin abu ba ne ga ruwan kansa. A bakin teku, itacen banda mafi kusa da hannu shi ne mangurof, itatuwan nan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, kuma a tsakanin saiwoyinsu ne 'ya'yan kifi da jatan lande ke fakewa su girma. Mai sare su don ya yi banda yana ƙona gidan renon kifin baɗi ne. A namu ɓangaren, daga Yawuri zuwa Hadeja da Nguru har Doron Baga, kirya da marke da bagaruwa ne ke shan gatari, kuma bakin kogin da aka aske wa itatuwa zaizaya yake yi, yashi ya cike guraben da kifi ke zuba ƙwai.

Gininsa kuwa, kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da murhu sannan a nemi kafinta. A juya abin. A fara sayen ragar waya, a ga faɗin naɗinta, ƙafa uku ce ko huɗu. Kafinta ya yi tire daidai da wannan faɗi don kada a yi ta yanka waya ana zubarwa. Sai a ajiye tire ɗaya a ƙasa, a zana shi, magini ya ɗora bango a kan zanen yadda katakon tiren zai zauna a tsakiyar kaurin bangon. Dalilin nan shi ne rayuwar tiren gaba ɗaya: in katakon ya leƙa cikin murhu, wuta za ta lashe shi cikin mako biyu, in kuma ya zauna a can gefen waje, kifin da ke bakin raga yana kan bango ke nan, zafi ba ya kai masa. Tsayin bango kimanin santimita 60, kauri santimita 15, ƙofar wuta mai baka kamar santimita 38 zuwa 40 faɗi da tsayi. A bayan kowace ƙofar wuta a haƙa ramin wuta mai zurfin santimita 10 zuwa 15, don tazarar da ke tsakanin wuta da tire na farko kada ta gaza rabin mita. A sa bango a tsakiya ya raba murhun gida biyu. Yana tallafe dogon tire kada ya lanƙwashe, yana kare katakon tsakiya, kuma ranar da kamu ya yi ƙaranci sai a hura ɓangare ɗaya a bar ɗayan.

Saman bangon tilas ya zama sumul, a kan layi ɗaya. A ɗora tire tun lakar tana ɗanya, a danna, a cike duk inda haske ke ratsawa. Ratar da yatsa zai shiga ta isa ta tsiyayar da zafi dukan dare.

Bulon siminti ya fi saurin ginuwa, shi ya sa magina ke son sa, amma zafi yana tsattsaga shi, bayan 'yan watanni sai ya fara marmashewa daga ciki. Jan bulo da aka haɗa da kwaɓin laka shi ya fi ƙarko. Laka zalla ma tana yi in an kwaɓa ta da yashi da yankakkiyar ciyawa, ko aka samu ƙasar suri, aka bar ta ta kwana biyu tana tsima kamar yadda ake yi wa ƙasar gini. A bar murhun ya sha iska mako guda a inuwa, sannan a hura masa 'yar ƙaramar wuta kwana biyu, a lilliƙe tsagar da ta fito, kafin kifi ya hau. Wanda ya yi gaggawa ya zuba masa babbar wuta ranar farko zai ga bango ya dare daga bakan ƙofa zuwa sama. Rumfa kuma dole ce, mai tsayi, buɗaɗɗiya ta kowane gefe. Ruwan sama ɗaya mai ƙarfi a kan murhun laka mai zafi ya isa ya mayar da shi tudun ƙasa. A lura da inda ƙofofin suka fuskanta: in suka kalli gabas maso arewa, iskar hunturu za ta riƙa hura wutar fiye da kima, itace ya ƙare da wuri, kifin baya ya ƙone na gaba yana ɗanye.

Tiren su ne inda kuɗin yake, su ne kuma inda murhun ke fara mutuwa. Katako ya zama busasshe, marar nauyi, marar fenti, marar maganin gara. Ɗanyen katako yana murɗewa in ya sha zafi, tire ya daina zama daram a kan ɗan'uwansa, bututun ya tashi daga aiki. Zurfin santimita 5 zuwa 7 ya isa ƙananan kifi. Tarwaɗar da aka naɗe tana son kusan 10, in ba haka ba ragar sama za ta danne ta, fatar ta manne. A buga ragar daga ƙasa, a danne ta da siririn katako, kada a dogara da lanƙwasassun ƙusoshi. Dogon tire a sa masa katako a tsakiya da mariƙi a kowane ƙarshe, domin cike da kifi sai mutum biyu.

Waya kuwa, araha ba ta ado. Siririyar wayar kejin kaji ba ta shekara: gishiri da ruwan kifi da zafi suna haɗuwa su cinye ta, ta yi tsatsa, ta yi ciki a tsakiya, kifi ya gangara ya taru wuri ɗaya. Mafi muni, guntayenta suna karyewa su maƙale a jikin kifi. A nemi mai kauri wadda aka yi wa walda a mahaɗarta. Sabuwa a fara ɗora ta a wuta ba kifi, a goge, a shafe ta da man gyaɗa. Kowane zubi ma a shafa man kafin a jera kifi, a kankare da burushin waya bayan an sauke. Ko da wannan kulawa, a sa a lissafi cewa raga abar canzawa ce, murhun zai ga raga da yawa kafin shi ya tsufa.

Aikin bandar kansa yana farawa tun kafin wuta. Kifin da ya kwana a cikin jirgi cikinsa ya kumbura, hayaƙi ba zai gyara shi ba, ɓoye warin kawai zai yi na kwana biyu. A cire kayan ciki, a wanke jinin da ke manne da ƙashin baya, nan ne ruɓa ke farawa. Yauƙin tarwaɗa yana fita da gishiri ko toka. Karfasa da bargi a kankare ɓawonsu, giwan ruwa da manyan ramboshi a yanka gunduwa-gunduwa masu kauri ɗaya. Sai a tsoma cikin ruwan gishiri, kilo ɗaya a lita goma na ruwa, minti 15 ga ƙanana, rabin awa ga manya. Wasu 'yan kasuwa ba sa son kifi mai gishiri, gaskiya ne, amma wannan ɗan kaɗan ɗin yana ƙarfafa tsoka, yana kuma rage wa ƙuda da ƙwaro sha'awa. Bayan nan a jera a tire a bar shi a inuwa ya tsane, rabin awa zuwa awa guda, har fatar ta daina sheƙin ruwa. Jiƙaƙƙen kifi a kan wuta toka da baƙin hayaƙi yake kwasa, ya fito da launin gawayi.

Kada kifi ya hau kan kifi, a bar 'yar rata tsakaninsu don zafi ya sami hanya. Manya a ƙasa, ƙanana a sama. Awa ɗaya zuwa biyun farko wuta matsakaiciya, saman a buɗe ko a ɗan rufe rabi, ruwa ya fita. Nan ne masu gaggawa ke ɓata kaya. In aka zuba wuta mai ƙarfi tun farko, jikin kifin daga waje yakan ƙafe ya zama kamar fata, ya kulle ruwan da ke ciki. A ido ya bushe, a hannu ya yi tauri, bayan kwana huɗu a kwali sai a karya a tarar da ciki ya yi yami. Bayan ruwan ya ragu sai a ƙara wuta ya dahu har ƙashi, sannan a rufe sama da falanki ko kwano, a koma garwashi, a bar shi ya bushe a hankali. Ana sauya tiren sau biyu zuwa huɗu, na ƙasa ya koma sama, kowanne kuma a juya gabansa ya koma baya, domin bayan murhu ya fi bakin ƙofa zafi. Wannan sauyi shi ne wahalar Chorkor. Aiki ne na ƙarfi, a cikin hayaƙi, sau da yawa da tsakar dare, kuma idon mai yi da ƙirjinsa suna biya.

Banda iri biyu ce, kuma gara a san wadda ake nufi kafin a hura wuta. Mai taushi, ta awa ɗaya zuwa uku, tana da nauyi da daɗin ci, amma kwana ɗaya zuwa uku ne ƙarshenta. Busasshiya tana cin awa 10 zuwa 18 ga ƙananan kifi, tarwaɗa mai rabin kilo kuwa tana iya cin yini da kwana, har ruwan jikinta ya sauko zuwa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce sikeli: a auna kilo 10 na gyararren ɗanyen kifi a tire ɗaya, a yi masa alama. In ya dawo tsakanin kilo biyu da rabi zuwa uku, ya yi. In babu sikeli a karya mafi kaurin cikinsu, a duba gefen ƙashin baya.

Yanzu ga babban aibinsa. A Chorkor kifi yana zaune ne kai tsaye a kan wuta. Maiƙonsa yana ɗiga cikin garwashi, wuta ta tashi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe ya koma ya manne a jikin kifin. Cikin wannan hayaƙi akwai sinadaran da ake kira PAH, kuma ɗaya daga cikinsu, benzofirin, yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Tun 1 ga Satumba 2014 Tarayyar Turai ta sa iyaka ga kifin banda: benzofirin kada ya wuce maikurogiram 2 a kilo (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), jimillar manyan huɗu na PAH kuma kada ta wuce 12. Gwaje-gwajen da aka yi a Gana sun nuna kifin Chorkor yana zarce wannan iyaka nesa ba kusa ba. Abin da ya sa murhun ke adana zafi, wato rufaffen bututun nan, shi ne kuma ke tsare hayaƙin a kan kifi. Tarwaɗar kiwo da ta sha abincin kamfani ta yi kitse tana cikin kifayen da suka fi jawo wannan matsala.

Ana iya rage abin ba tare da rushe murhu ba. A bar itace ya ci ya zama garwashi kafin a ɗora tire. A sa faifan kwano a karkace tsakanin wuta da tire na farko, mai ramuka da aka ɗaga bakinsu sama, yadda zafi zai wuce amma maiƙo ya gangara gefe ya zuba a gwangwani. A yi aiki da busasshen itace. Totuwar masara da ɓawon rake suna ba da launi mai kyau in an zuba kaɗan a ƙarshe, matan Gana ma da ɓawon rake da na kwakwa suke gyara launin nasu. Katako mai fenti, taya, leda, tsumma, da tumfafiya kada su kusanci murhu, haka ma kananzir wajen hura wuta.

Don wannan aibi ne aka fito da magadansa. Murhun FTT na FAO, wanda aka ƙirƙiro a Thiaroye kusa da Dakar ta Senegal wajen 2008, ya raba dafawa da ba da hayaƙi: akwatin garwashi daban, farantin tare maiƙo daban, hayaƙin kuma daga wata ganga yake zuwa ta cikin matata. Kifinsa yana cika sharaɗin Turai, sai dai yana son maƙeri ƙwararre da kuɗi masu kauri, ya fi dacewa da ƙungiya. Ahotor, da aka fito da shi a Gana wajen 2016, Chorkor ne da aka ƙara wa ɗakin ƙona itace da farantin maiƙo, tiren ma iri ɗaya ne, don haka wanda ya riga ya mallaki tire bai yi asara ba. A Najeriya akwai akwatunan banda na ƙarfe masu aiki da gawayi ko gas, irin waɗanda cibiyoyin bincike na Ilori da Legas da New Bussa suka tsara. Suna da tsabta, suna yi wa mai kududdufin tarwaɗa a gari daidai, amma ba sa ɗaukar kamun rana ɗaya na lokacin da ruwa ke janyewa, kuma ba a gyara su da laka.

Ta fuskar tattalin kifin ruwa, amfanin Chorkor na gaskiya yana wajen asarar bayan kamu. Kifin da ya ruɓe, ko ya ƙone, ko ya farfashe ya zama gari a kwali, an riga an cire shi daga ruwa, kuma masunci zai koma ya kamo wani a madadinsa. Tsohuwar bandar tafkin Chadi, inda ake yanka kifi a ɗan shanya sannan a babbake shi da ciyawa, tana ba da kaya mai ƙonannen baya da ɗanyen ciki, abincin ƙwaro tun kafin mota ta kai Onica. A Chorkor ba a cika taɓa kifin da hannu ba, tire ake ɗagawa, don haka karyewa tana raguwa sosai. Busasshiyar banda kuma ita ke sa hutun ruwa, wato lokacin da ake hana kamun kifi, ya yiwu. Gana ta fara rufe teku ga masuntan kwale-kwale na wata guda a 2019 saboda ƙananan kifin da suka yi ƙaranci, kuma irin wannan doka tana zama ne kawai in akwai kifi a ajiye da za a ci a sayar.

Sai dai murhun ba ya tambayar girman abin da aka ɗora masa. Ragar tire mai ido rabin inci tana riƙe 'ya'yan karfasa da na giwan ruwa masu tsawon yatsa, kuma mai tire goma sha biyar yana son ya cika su. Inda babu mai tsawatarwa, ƙarin wurin banda yakan zama ƙarin kasuwa ga masu jan taru mai idon gidan sauro. Najeriya tana da dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa tun 1992, a tafkin Kainji kuma kalli, ragar da ake kafawa a ruwa kifi ya maƙale, bai halatta ya gaza ido inci uku ba, an kuma haramta irin wancan taru a ƙarshen shekarun 1990. Ƙungiyar da za ta gina murhu ta haɗa da Sarkin Ruwa tun farko, a yanke mafi ƙanƙantar kifin da zai hau tire. Dabara mai sauƙi ita ce a yi yawancin tiren da raga mai ido inci ɗaya, a bar masu ƙaramin ido ga kifin da asalinsa ƙarami ne.

Masunta masu bin ruwa, yau a wannan tsibiri gobe a wancan, sukan ce murhun laka ba ya shiga jirgi. Haka ne, amma tiren suna shiga, kuma su ne masu tsadar. Gindin murhun kuwa aikin kwana biyu ne in akwai laka a kusa, sai jiran bushewa.

Ajiya ce ƙarshen aikin, nan kuma ake yawan zubar da wahalar da aka sha. Kifi ya huce sarai kafin ya shiga kwali ko kwando. Mai ɗumi yana gumi, gumin ya zama hunhuna. A ɗora kayan a kan katako, nesa da ƙasa da bango. Ƙwaron busasshen kifi yana zuba ƙwai a tsagar jiki, tsutsarsa mai gashi ta cinye tsoka ta bar fata da ƙashi, alamarta kuma gari ne a gindin kwali. Masu yayyafa fiya-fiya ko Gamalin suna sa wa mutane guba ne a miya, sinadarin Gamalin ma tun 2009 aka sa shi cikin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta hana. Maganin yana cikin murhun: a mayar da kifin tire, a ba shi garwashi marar hayaƙi awa ɗaya zuwa biyu, zafin ya kashe ƙwai da tsutsa, ya kori danshi. Da rani sau ɗaya a wata ya isa. Da damina a riƙa buɗe kwali duk mako, a mayar da shi wuta duk bayan mako biyu, tsohon kwalin da ƙwaro ya taɓa shiga kuma a ƙone shi.